Yaro Mai Kwance-kwance: In Saya Masa Akwatin Kayan Gyara na Wasa ko In Bari?

Wata baiwar Allah daga unguwar Aboabo a Kumasi, wadda ta nemi a sakaya sunanta, ta aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ɗana yana da shekara huɗu, yana ajin farko na KG, wato makarantar share fagen firamare, kuma ba ya barin komai a ɗaure a gidan nan. Ya kwance murfin rimot, ya cire hannun tukunya, ya ɓare bayan rediyon kakarsa, kuma a makon jiya na same shi da sukundireban babansa yana nufin soket ɗin bango. Na doke shi, ya yi kuka, washegari ya koma ga halinsa. Na ga wani akwatin kayan wasa na roba a wani shago a Adum, akwai guduma da sifana da injin huda mai batir, yana ƙara, yana walƙiya, yana magana da Turanci, kuɗinsa ya kai cefanen mako guda. Maigidana fita ne, wato kanike, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci, ya ce asarar kuɗi ne, gara ya riƙa tafiya da shi wurin aiki ranar Asabar ya ga na gaske. Ni kuwa ina tsoron garejin, kuma gaskiya ba na so ya ƙare a ƙarƙashin mota, so nake ya yi karatu. Muna kuma da ƙaramarsa 'yar wata 14 mai kai komai baki. In saya ko in bari?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya raya miki su, Ya tsare su daga dukkan abin ƙi.

Kin tambaye ni a kan akwatin kayan wasa, amma abin da ya tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarki shi ne soket ɗin nan, don haka da shi zan fara. Wutar da take shigowa gidajenmu a Gana ƙarfinta volt 230 ne, kuma sukundireba ƙarfe ne siriri wanda yake shiga ramin soket kamar don shi aka yi ramin. Soket mai baki uku irin wanda muka gada daga Ingila, idan na kirki ne, yana da 'yar ƙofa a ciki wadda take rufe ramukan ƙasa biyu har sai an zura filogi, amma da yawa daga cikin masu araha, musamman dogayen allunan jona wuta da muke yarwa a ƙasa kusa da talabijin, ba su da wannan kariya, ko kuma ta karye tun tuni ba wanda ya lura. Kafin ki kashe ko sisi a Adum, ki sa a kira mai gyaran wuta ya duba duk soket ɗin da hannun yaro zai iya kaiwa, a sauya wanda ya fashe, a ɗaga allunan jona wuta daga ƙasa. Sa'an nan kayan aikin maigida su koma cikin akwati mai kwaɗo, makullin kuma ya zauna a aljihunsa. Sukundireban nan ba daga sama ya faɗo hannun yaro ba, wani babba ne ya ajiye shi inda bai dace ba.

Dukan da kika yi masa na san tsoro ne ya kawo shi, kuma babu uwar da za ta ga abin da kika gani hankalinta bai tashi ba. Sai dai kin ga da idonki cewa bai yi magani ba. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya gane haɗarin abin da ba ya gani, ba ya jin ƙararsa, ba ya jin warinsa. Abin da ya koya daga dukan shi ne cewa idan zai taɓa soket, ya bari sai ba kya nan, wanda kuwa ya fi na farko muni.

Abin da yake yi ba ɓarna ba ce, ko da yake rediyon kaka ta sha wuya. Yana ganin mutumin da ya fi kowa girma a idonsa yana dawowa gida da hannuwa baƙi ƙirin, yana jin maƙwabta suna sallama suna cewa a taimaka a duba musu babur ko janareta, yana ganin abin da ya mutu ya tashi bayan babansa ya taɓa shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma kwaikwayon aikin manya shi ne babban aikin yaro a waɗannan shekaru, tun daga kan yarinyar da take tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir har zuwa yaron da yake sukuwa a kan dokin kara. Wani masanin tarbiyyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya kafa misali da wannan dokin sanda ɗin, inda ya nuna cewa ranar da yaro ya iya ɗaukar sanda ya ce doki ce, ranar ya fara raba ma'ana da abin da ido yake gani, kuma a kan wannan iyawar ake gina karatu, domin harafi ma alama ce da take tsayawa a madadin sauti. Iyayenmu ba su san sunansa ba, amma ba su taɓa hana mu dokin kara ba.

Saboda haka amsata ita ce a samar masa kayan gyara nasa na kansa. Amma ba na goyon bayan wancan akwatin da kika kwatanta, sai in ya ci jarrabawar da zan gaya miki.

Kayan wasan gyare-gyare da suke kasuwa iri biyu ne, ko da yake kwalayensu sun yi kama da juna. Akwai wanda yake yi wa yaro wasan: a danna maɓalli, ya yi ƙugi, fitila ta kama, wata murya ta yaba masa da Turanci ko da bai yi komai ba. Akwai kuma wanda ba ya motsi sai hannun yaro ya motsa shi: sukuru mai zare na gaske wanda idan aka juya shi dama yake ɗaurewa, aka juya hagu ya kwance, noti mai kama katako biyu ya haɗa su, motar da ake cire mata taya huɗu da ƙofa da murfin inji a sake mayar da su. Yaron da ya riga ya ɓare bayan rediyo ta gaske ba zai daɗe a kan na farkon ba. Zai danna maɓallin kwana biyu ko uku, ya haddace abin da muryar take cewa, daga nan sai ya juya abin ta baya ya fara neman yadda zai kwance shi ya ga mai maganar, kuma a nan ne ƙananan batura da wayoyi za su zube a tabarmar da ƙanwarsa take rarrafe.

Idan kin koma shagon, ki roƙi mai shi ya buɗe miki kwalin, ki kashe maɓallin ko a cire batirin, sa'an nan ki tambayi kanki ko akwai sauran wasa a cikinsa. Ki ɗauki sukuru ɗaya ki ɗaura shi da hannunki. A cikin masu araha da yawa zaren ado ne kawai, sukurun yana juyawa yana juyawa ba ya kama komai, bakin sifanar ya fi kan notin faɗi, filayar kuma ba ta iya riƙe ko da tsinke. Irin wannan ba abin da yake koya wa yaro sai takaici. Injin huda mai batir ba laifi ba ne a karan kansa. Akwai masu juyawa a hankali waɗanda suke ɗaure manyan sukurori na roba da gaske, suna da maɓallin gaba da baya, kuma yara suna son su ƙwarai. Idan na shagon irin wannan ne, to aikin da yake yi ne ya ba shi daraja, ba maganar da yake yi ba. Za ki ga wasu ɗauke da sunayen kamfanonin kayan aiki na gaske, irin su Bosch da Black+Decker, domin akwai masu ƙera kayan wasa da suke karɓar izinin amfani da sunan, amma suna a jikin kwali ba ya hana ki gwadawa, don jabu ya fi na asali yawa a inda ake cinikin suna.

A kan maganar Turancin nan da nake jin ita ce ta fi jan hankalinki, akwai wani bincike da ya dace ki sani. Wata malamar jami'a a Amurka, Anna Sosa, ta naɗi muryoyin iyaye 26 suna wasa da jariransu 'yan wata 10 zuwa 16 a gidajensu, aka buga sakamakon a mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics a 2016. Abin da ta gano shi ne, idan abin wasan mai batir ne mai magana da kiɗa, iyaye suna rage magana, musayar baki tsakaninsu da jariran tana raguwa, idan aka kwatanta da lokacin da suke wasa da kayan wasa marasa batir ko littattafai, jariran ma suna rage gwaranci idan aka kwatanta da lokacin da ake duba littafi. Yaran da aka gwada sun fi kusa da 'yarki a shekaru fiye da ɗanki, amma dalilin a fili yake: idan roba tana magana, mutum yakan yi shiru. Ɗanki zai sami Turanci a makaranta, zai sami Twi a bakin titi, amma kalmomin nan da suke tafiya tare da aikin hannu, ɗaure da sassauta, hagu da dama, ciki da waje, wannan ya fi wancan tsawo, saura biyu, ba zai same su da daɗi a ko'ina ba kamar a bakin babansa yana tsugune kusa da shi.

Yanzu sai batun ƙaramar, wadda ita ce ta fi kowa shiga haɗari a wannan ciniki, ko da yake ba don ita za a saya ba. Kusan duk akwatin kayan gyara na wasa za ki ga an buga masa wata alama, da'ira ja da fuskar jariri da lambar 0-3 an ja layi a kai, ma'ana bai dace da yaron da bai kai shekara uku ba, saboda ƙananan abubuwan da za su iya maƙale masa a maƙogwaro. Ma'aunin da masu gwaji suke amfani da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana lissafa shi cikin masu shaƙe yaro. A gida, kwalin nan na tsakiyar takardar bayan gida ya isa gwaji, don ya ɗan fi wancan faɗi. Duk sukuru ko noti ko ƙusar roba da ta wuce ta cikinsa, to ba ta da wurin zama a ɗakin da 'yar wata 14 take yawo, sai dai a fito da ita lokacin da take barci ko tana goye, a ƙirga, a mayar a ƙirge.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin wanda ake sa wa agogo da makullin mota, wanda shi ne yake cikin yawancin ƙananan kayan wasa masu walƙiya da kiɗa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yawu yana haɗa wutarsa, ya fara ƙona naman wurin, kuma cikin awa biyu kacal zai iya yin mummunar illa, alhali yaron a farko bai nuna komai ba sai dalalar yawu ko ƙin abinci ko tari. Batirin da ya daina kunna abin wasa ma yana da sauran ƙarfin yin wannan ɓarnar. Don haka kada ki sayi abin da murfin batirinsa yake buɗuwa da farce, sai wanda aka ɗaure da sukuru, kuma ki tuna cewa a gidanki akwai wanda sukuru ba ya gagararsa. Idan, Allah Ya kiyaye, kin yi zargin ɗayansu ya haɗiye irinsa, kada ki sa shi amai, kada ki jira ki ga alama, ki nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye ko mafi kusa da ke nan take, ki faɗa musu da bakinki cewa batir ne, domin a ɗauki hoton ƙirji ba tare da ɓata lokaci ba. Likitoci suna ba da shawarar cewa yaron da ya wuce wata 12, idan yana iya haɗiya, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10, har sau shida, a kan hanyar zuwa asibiti, domin tana rage ƙunar. Amma zuma ba ta fitar da batir, kuma ba a tsayawa nemanta idan babu ita a kusa. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam. Haka nan ƙananan maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin wasu sukundirebobin wasa: idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya jan juna ta cikin hanji su huda shi.

Sauran abin dubawa ba su da wuyar ganewa. Robar da take da kaifi a gefe, ko mai warin man fetur idan an buɗe leda, ko fentin da yake kankaruwa da farce, a bar wa mai shago kayansa, musamman a cikin kayan gwanjo da ba a san shekarunsu ba, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar gubar dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka sani marar illa a jikin yaro. Alamar CE da lambar EN 71 suna nuna cewa mai ƙerawa ya ce ya bi ƙa'idar Turai, amma alama ce da kowane mai injin buga takarda zai iya bugawa. Ki kuma kara abin a kunnenki, idan ƙarar ta dame ki, to ta fi ƙarfin kunnen yaron da zai riƙa manna shi a fuska.

Da ni ce ke, da kuɗin cefanen nan sun zauna a inda suke, in nufi wurin kafinta. Na ga an yi wa jikan wata maƙwabciyata irin abin da nake nufi, kuma har yau ban ga abin wasan kanti da ya kama ƙafarsa ba. Allo ne na katako mai kauri, bai fi faifan tuwo biyu girma ba, an goge shi sumul babu tsaga, ba a shafa masa fenti ba. An huda ramuka shida an zura manyan ƙusoshi masu zare da notinsu, an kafa sakata a gefe ɗaya, da kwaɗo da makullinsa ɗaure da gajeriyar igiya, da kan famfo sabo, da gutsattsarin bututun ruwa na roba masu shiga cikin juna, da tsohuwar tayar keken yara da take juyawa a kan ƙarfenta. Na zauna ina kallon yaron wata rana da la'asar. Ya kama wani noti yana juya shi hagu yana so ya ɗaure, notin yana ta fitowa har ya faɗo masa a cinya. Ya dube shi, ya dubi kakarsa, ba ta ce masa komai ba. Ya mayar da shi a karkace, ya ƙi shiga, ya cire, ya hura masa iska kamar yadda ya ga manya suna yi, ya sake ɗorawa, harshensa a waje, ya juya ɗaya gefen. Da notin ya kama, bai yi murna da ƙarfi ba, sai ya ce a hankali, shi kaɗai, "Ya gyaru." Daga nan ya kwance shi ya sake farawa. An kira sallar magariba yana nan a wurin. A cikin wannan zaman yatsunsa suna samun ƙarfin da za su riƙe fensir da shi, idonsa da hannunsa suna koyon tafiya tare, kuma yana koyon abin da ya fi waɗannan wuyar samu, wato zama a kan abin da ya ƙi har ya yiwu.

Wannan allon maigidanki ya fi kafinta sanin abin da za a sa masa, kuma a Magazine babu abin da zai nema ya rasa. Sharaɗi kawai shi ne ƙarafan su zama sababbi ko wankakku tas, ba waɗanda aka tsinto cikin baƙin mai ba, kuma notin da yake cirewa gaba ɗaya ya bi dokar ƙirga da na ambata. Sifana ƙarama ta gaske ba ta da kaifi, ɗan shekara huɗu zai iya riƙe ta a gaban babba. Sukundireba mai tsini, da zarto, da ƙusa, da guduma ta ƙarfe, su jira tukuna. Guduma ta katako da turaku masu shiga rami ta ishe shi. Wasu za su ba ki shawarar ki ba shi matacciyar rediyo ko tsohuwar waya ya yi ta kwancewa. Ni ban yarda da wannan ba a shekarunsa, domin ba zai bambanta matacciya da mai rai ba, kuma wasu na'urorin, irin su tsohuwar talabijin, suna riƙe wuta a cikinsu ko bayan an zare su daga bango. Dokar da za ki kafa masa ta zama gajera wadda zai iya maimaitawa: abin da yake da waya ko batir na Baba ne, abin da yake kan allo nasa ne. Duk lokacin da kika ga hannunsa ya nufi rimot, ki ɗauke rimot ɗin ba tare da tsawa ba, ki ce masa ga garejinka can, mota tana jira.

Maigidanki yana da gaskiya a rabin maganarsa. Ya gane cewa abin da yaron yake nema shi ne na gaske, kuma ya gane cewa wurinsa yake nema. Inda ban bi shi ba shi ne yinin Asabar a gareji. Wanda ya taɓa ratsa Suame da rana ya san yadda wurin yake: motoci a kan jak da duwatsu, masu walda suna aiki a fili inda hasken yake ƙona idon mai kallo, ruwan batir da baƙin mai a ƙasa, gutsattsarin ƙarfe, manyan motoci suna ja da baya a lungun da bai fi su faɗi ba. Mai aiki a ƙarƙashin mota ba shi da idon da zai sa wa yaro, yaran shago kuma ba reno aka kawo su koya ba. Dokar yara ta Gana ta 1998 ma ta sa shekara 15, ko kammala karatun matakin farko, a matsayin lokacin da yaro zai fara koyon sana'a a wurin maigida, ta kuma hana aiki mai haɗari kafin shekara 18. Na san ba aiki yake nufin sa shi ba, amma ƙurar wurin ba ta tambayar wanda ya zo aiki da wanda ya zo kallo. Idan yana so ya nuna wa ɗansa inda yake neman abinci, wanda hakkinsa ne kuma abin alfahari, to ya kai shi na ɗan lokaci a ranar da aiki ya lafa, da takalmi rufaffe, hannunsa cikin hannunsa, su gaisa da abokan aiki su dawo. Kuma tun da maganar ta zo, kayan aikinsa su daina shiga ɗakin kwana, a wanke su dabam da na yara, ya yi wanka kafin ya ɗauki ƙaramar, domin ƙurar dalma daga batiran mota tana bin tufafi har gida.

Sauran rabin ya rage gare ki, 'yar'uwa, kuma zan faɗa miki ba tare da kwana-kwana ba. Kin rubuta cewa ba kya so ɗanki ya ƙare a ƙarƙashin mota. Idan wannan kalmar ta taɓa fita daga bakinki a gaban maigida, to ina kyautata zaton ita ce ta sa ya kira akwatin asarar kuɗi, domin mutum yana jin lokacin da ake raina abin da yake ciyar da gidansa da shi, ko da ba shi aka ambata ba. A ƙarƙashin motar nan ake samo kuɗin KG ɗin da yaron yake zuwa. Sa'an nan sifanar wasa ba ta yanke wa kowa sana'a. Mu da muka yi tuwon ƙasa ba duka muka zama masu sayar da abinci ba. Ko da kuwa sha'awar ta bi shi har girma, karatu da aikin hannu ba kishiyoyi ba ne, kuma a garin nan ba sai an yi nisa ba kafin a ga shaida: jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ta fara a matsayin kwalejin fasaha a 1952, tana yaye injiniyoyi a nan Kumasi, kuma motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, wanda ya sa kanikawan da suka yi karatu suke gaba da waɗanda ba su yi ba. Maigidanki ya fi ni sanin wannan, ki tambaye shi ki ji. Idan ƙaramar ta tasa ta miƙa hannu ga sifana, ita ma a bar ta ta riƙe.

Yadda za ki ɗauko masa maganar yana da muhimmanci. Kada ki ce masa kin fasa sayen akwatin don ya ci gardama, kada kuma ki ce wata Hajiya ta ce gareji ba kyau. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce masa kin yi tunani kin ga cewa babu abin wasan da za a sayo wanda zai kai wanda uban yaro ya haɗa da hannunsa, ki roƙe shi ya haɗa allon, ya kuma ware wa yaron ko da rabin awa ne bayan la'asar ranar da ba ya fita. A wannan zaman shi ne maigida, yaron kuma yaron shago: ya aike shi ya miƙo sifana, ya sa shi ya riƙe tocila, ya bar shi ya yi kuskure kafin ya gyara masa, su ƙirga kaya tare su rufe akwati kamar yadda ake yi idan an tashi daga aiki. Idan daga baya wani abu ya ragu a hannunki kuma har yanzu ranki yana kan kanti, ki nemi motar nan da ake kwancewa ana haɗawa, mai manyan sukurori, ko a Adum ko a Kejetia, ki gwada ta yadda na gaya miki.

Rediyon kaka kuwa, kada a kai ta wurin mai gyara. A cire batiran a ajiye a sama, a zaunar da yaron a gaban babansa, uban ya riƙe sukundireba, shi kuma ya riƙa miƙo sukurorin ɗaya bayan ɗaya har murfin ya koma mazauninsa, sa'an nan ya ɗauke ta da hannu biyu ya kai wa kakarsa ɗaki ya ba ta haƙuri.